Takardun Gidan Waziri

A Daular Usmaniyya ta Sakkwato ba a taɓa naɗa wani mutum guda da sunan ministan kuɗi ba. Amma akwai gida ɗaya wanda mafi yawan takardun da suka shafi dukiyar daula sai sun bi ta zaurensa, ko za su fita ko za su shigo, wato gidan Waziri. Tun daga 1817, lokacin da Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi, har zuwa shigowar Turawa a 1903, wazirci bai bar zuriyar Gidaɗo ɗan Laima ba. A gidan nan ake rubuta wa sarakunan gabas, a nan ake karɓar amsarsu, a nan kuma ake sanin wanda ya aiko da gaisuwar bana da wanda ya yi nawa.

Shugabannin jihadi ba su ƙirƙiro wannan tsari daga kansu ba. Idonsu na kan Madina. A can ne Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kafa diwani, littafin da aka rubuta sunayen masu rabo a baitulmali da abin da kowa zai samu, kuma daga can yake aika wa gwamnoninsa na Iraƙi da Sham da Masar takardu kan haraji da rabon ganima. Malaman baya irin su Mawardi sun tsara waɗannan al'amura babi-babi, su kuma Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi suka karanta suka ɗauko. A Kitabul Farƙi Shehu ya ce mulki yana tsayawa ne a kan mataimaka huɗu: waziri amintacce, da alƙali, da shugaban 'yan doka, da mai karɓar haraji. Ya lissafa hanyoyi bakwai da dukiya ke shiga baitulmali ta halal, cikinsu har da humusi da ushira da jiziya da harajin ƙasa da dukiyar da ba ta da mai ita. A littafin nan ne kuma ya soki sarakunan Hausa na zamaninsa kan jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin kafin ƙarnin ya ƙare duk waɗannan sun dawo a masarautu da dama, wasu ma da sunansu na da.

Gidaɗo aminin Bello ne tun kafin sarauta, kuma mijin Nana Asma'u 'yar Shehu. Malami ne mai rubuta littattafai, ya kuma saba da aike tun zamanin da ake musayar takardu tsakanin Sakkwato da Shehu Laminu na Barno kan halaccin jihadi. Shi ya sauki Baturen nan Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824, ya sake zuwa a 1826. Ya riƙe wazirci har 1842, ɗansa Abdulƙadir ya gaje shi. Bayan Abdulƙadir aka yi Ibrahim Halilu, sai Abdullahi Bayero, sannan Muhammadu Buhari, jikan Gidaɗo, wanda ya hau a 1886. Laƙabin da ake yi wa Waziri a cikin takardu shi ne Amirul Masalihi. Mafi yawan takardun da suka tsira har yau na zamanin Buhari ne, saboda haka hoton da ake da shi na aikin ya fi fitowa sosai a shekaru ashirin na ƙarshen daular.

Ƙasar tana da faɗi ƙwarai. Tun 1812 aka raba kula da ita gida biyu: yamma, wadda daga baya ta ƙunshi Nupe da Ilori, tana hannun Gwandu, gabas tana hannun Sakkwato. A ɓangaren Sakkwato kowace masarauta tana da ƙofarta, wato wani babban ɗan majalisa da take bi ta hannunsa ta isa ga Sarkin Musulmi. Katsina tana bi ta Galadima, Bauchi ta Magajin Rafi. Waziri kuwa shi ne ƙofar Kano da Zazzau da galibin masarautun da ke gabas da su, ma'ana masu arzikin duk suna ƙarƙashin kulawarsa. Ba zaune kawai yake yana jiran manzanni ba. Yakan fita rangadi ya yi watanni a hanya, ya sauka Kano, ya gangara Zariya, ya naɗa sarki inda aka yi rasuwa, ya sasanta rikicin iyaka, ya tattaro kayan gaisuwa ya komo. Ko yana kan hanya takardu suna binsa, shi ma yana aikawa gida.

Takardar kanta abu ce mai sauƙin gani. Falle ɗaya ne yawanci, na irin takardar da fatake ke kawowa daga Turabulus ta hamada, wadda ake sarrafawa a arewacin Italiya. Idan aka ɗaga ta ga haske sai a ga tambarin jinjirin wata uku a jere a cikin jikinta. Da yake tana da tsada, magatakarda ba ya ɓarnarta. Sau da yawa rabin falle ko kwata ya ishe shi. Tawadar ta gida ce, ana haɗa ta da ƙaro don ta kama, alƙalamin kuma na kara ne da aka feƙe aka tsaga bakinsa. Da Larabci ake rubutawa, da hannun nan mai kauri na ƙasar Hausa wanda asalinsa daga Magrib yake. Ana farawa da bisimilla da salati, sai a faɗi daga wane zuwa ga wane, a jero kirarin girmamawa gwargwadon matsayin wanda ake rubuta wa, a yi gaisuwa. Bayan nan sai maganar da ta sa aka yi rubutun, wadda sau da yawa ba ta wuce layi huɗu ko biyar, sai sallama. A buga hatimi, a naɗe, manzo ya sa a gafaka ya hau doki.

Abin da ya fi ba masu bincike wahala shi ne galibin takardun ba su da kwanan wata. Ba shekara, ba wata, ba rana. Sai dai a duba sunan sarkin da ya aiko da sunan wazirin da aka aika wa, a ce lallai tsakanin shekara kaza da kaza aka rubuta. Haka kuma adadi bai cika yawa a cikinsu ba. Sarki zai ce ga gaisuwa nan ya aiko a hannun wane, wani lokaci ya faɗi yawan riguna ko dawaki, wani lokaci ya yi shiru. Wannan ba sakaci ba ne. Takardar ba ita ce dukkan saƙon ba. Shaida ce cewa wanda ya kawo ta daga wurin sarki yake. Manzon sananne ne, ya saba bin hanyar shekara da shekaru, an san shi a fadar Kano kamar yadda aka san shi a gidan Waziri. Maganar da ba a so ta faɗa hannun 'yan fashi ko abokan gaba a hanyar Zamfara, a bakinsa take. Shi zai ce ran kaza ya taso, shi zai ƙirga kayan a gaban jama'a. Amanar tana wuyan mutum, takarda rakiya ta yi masa.

Dukiyar da ake maganarta ba ƙarama ba ce. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya zauna Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa kowane maigida yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, daidai da dalar azurfa ɗaya a lokacin. Kowace karofi ana karɓar wuri 700 a kanta, ga su sun haura dubu biyu a birnin kaɗai. Ya ƙiyasta abin da Sarkin Kano ke tarawa a shekara ya kai wuri miliyan ɗari. Wani kaso na wannan ake kaiwa Sakkwato, amma ba duka da wuri ba. Kano tana aika riguna da rawuna da turkuɗi da dawaki, kowace masarauta da abin da ƙasarta ta fi samarwa.

Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya taɓa ɗaga buhun wuri. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kuma shi ne kayan ƙato guda. Wanda zai kai wuri miliyan ɗaya daga Kano zuwa Sakkwato sai ya nemi 'yan alaro hamsin, ya ciyar da su kwana da kwanaki, ya kuma ba su 'yan rakiya. Darajar wurin ma ta yi ta faɗuwa a rabin ƙarnin na biyu, saboda yawan wanda Turawa ke jibgewa a bakin teku. A nan ne takarda ta yi aikin da ya fi kama da na baitulmalin zamani. Maimakon a ɗauko dukiya a kawo Sakkwato sannan a raba, sai a bar ta inda take, a rubuta wa sarkin wurin ya ba wane abu kaza. Malami ne ya zo neman taimako, ko sharifi baƙo, ko mai niyyar hajji da ba shi da guzuri, ko attajirin da fada ta karɓi kayansa, sai a ba shi takarda ya kai Kano ko Zariya a sallame shi a can. Ta haka taskar Sarkin Musulmi ta zama a warwatse cikin biranen daula, alƙalamin Waziri kuma shi ne mabuɗinta.

Akwai abin da ba ya kyautuwa a tsallake. Cikin abin da ake lissafawa a matsayin dukiya a takardun nan har da mutane. Masarautun da ke iyaka da ƙasashen da ake kai wa hari, irin su Zazzau da Adamawa da Bauchi, bayi suna cikin manyan abin da suke aikawa. Ana ambatar su a layi ɗaya da dawaki da tufafi, ana biyan bashi da su, ana yin kyauta da su. Takardu da dama kuma kan bawan da ya gudu ne, ana neman sarki ya sa a nemo shi a mayar wa ubangidansa. Wasu akasin haka suke: ɗa ne aka kama aka sayar, danginsa suka kai kuka Sakkwato, Waziri ya rubuta a bincika a sake shi, ko a karɓi fansa. Ga mai son sanin yadda bauta ta gudana a ƙasar Hausa, waɗannan 'yan layuka sun fi dogon bayani faɗar gaskiya, domin masu rubuta su ba su ɗauka akwai abin ɓoyewa ba.

Sauran kuwa harkokin yau da kullum ne. Bafatake ya rasu a Kano, magadansa suna Sakkwato, a tattara abin da ya bari a aiko. Wane yana bin wane bashi ya ƙi biya. An kwashe wa wasu Fulani shanu. Wani ya ɗaukaka ƙara daga hukuncin alƙalin garinsu. Ta nan ake gane cewa a wurin mutanen wancan zamani, kuɗi da shari'a da siyasa ba ofis-ofis aka raba su ba.

Idan aka waiwaya Amurka ta kusan wannan zamani, bambancin yana ƙara haska abin. Alexander Hamilton, ministan kuɗinta na farko, ya kama aiki ran 11 ga Satumba 1789 ya sauka a ƙarshen Janairu 1795; ya rasu a 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. Shi ma sabuwar ƙasa ya samu, mai faɗi, marar hanyoyi, ga bashin yaƙi na kusan dala miliyan 54 a kan gwamnatin tarayya, ban da na jihohi. Shi ma da takarda ya yi mulkin ma'aikatansa. Sai dai hanyarsa daban. Yakan rubuta umarni ɗaya a kwafe shi a aika wa dukkan masu karɓar kuɗin kwastan a tashoshin jiragen ruwa, kowace takarda da kwanan wata, yana neman su riƙa aiko masa da lissafin abin da suka karɓa a kai a kai, a bisa tsari iri ɗaya. Dole ta sa shi: majalisa tana iya tambayarsa inda kowace dala ta shiga, masu ba da rance na Holan kuma ba za su saki kuɗinsu ba sai sun ga lissafi. Waziri ba shi da majalisar da za ta titsiye shi, daular kuma ba ta ci bashin kowa a waje ba. Wanda zai yi wa bayani Sarkin Musulmi ne, baki da baki, sai kuma malamai masu auna aikinsa da ma'aunin shari'a. An tattara rubuce-rubucen Hamilton an buga su cikin mujalladi 27 tsakanin 1961 da 1987. Na wazirai har yanzu kaɗan ne daga cikinsu suka ga injin ɗab'i.

Tsarin da ya dogara ga amana da girmamawa yana aiki ne muddin ana jin nauyin mai hatimi. An ga iyakarsa a Kano. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Waziri Buhari yana birnin. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umarni a naɗa Tukur ɗan marigayin, wanda ya yi masa bajinta a yaƙin Argungu, alhali mafi yawan gidan sarauta suna bayan Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi. Buhari ya cika umarni. Yusufawa suka fice suka yi sansani a Takai, aka shiga yaƙin Basasa. Takardu suka yi ta fita zuwa ga sarakunan maƙwabta a kawo wa Tukur gudummawa, amma da yawansu suka yi ta jan ƙafa. Yusufu ya rasu, ƙanensa Alu ya karɓi jagoranci ya ci Kano a 1894, Tukur ya rasa ransa a 1895. A ƙarshe Sakkwato ta amince da Alu, gaisuwar Kano ta ci gaba da zuwa, amma kowa ya ga cewa takarda mai hatimi tana iya isa ta kuma dawo ba a yi abin da ta ce ba.

A shekarun nan ne wasu sababbin masu rubutu suka shigo. A 1885 Joseph Thomson ya zo a madadin kamfanin Ingila mai ciniki a Kwara, wanda daga baya ya zama Royal Niger Company, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru, kamfani zai riƙa biyan wani adadi duk shekara. A wurin Sakkwato wannan gaisuwa ce irin ta baƙon da aka ba izinin ciniki. A Landan kuwa an nuna takardar a matsayin hujjar cewa an sallama wa kamfani iko. Da Lugard ya karɓi ragama daga hannun kamfani a madadin gwamnatin Ingila a 1900 sai biyan ya tsaya. Ita ma shahararriyar takardar 1902, wadda aka ce Abdurrahman ya aika wa Lugard yana cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi, wadda kuma Lugard ya kafa hujja da ita, masana tarihi sun daɗe suna tababa a kanta, domin fassararta ta Turanci kawai ake gani.

Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ran 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya gaji Abdurrahman, ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli. Waɗanda suka tsira suka ci gaba. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wasu suka ƙetare Bahar Maliya. Cikinsu akwai Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna Madina yana karantarwa, alhazan Afirka ta Yamma suna sauka wurinsa suna komawa gida da takardunsa, har ya rasu a 1931. Buhari bai bi wannan hanya ba. Bayan an watse daga fagen fama ya tsaya a Marnona, ya yi shawara da malamai, ya komo birni ya yi sulhu da Turawa don kada a bar talakawa ba jagora. Abin ya dame shi har ya rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilansa. Ya ci gaba da wazirci har rasuwarsa a 1910, sai dai masarautun da yake wa ƙofa an yanke su daga Sakkwato, kowace tana ƙarƙashin Razdan nata, gaisuwar shekara kuma an hana.

Cikin 'yan shekaru aka kafa baitulmalin En'e, aka fara da Katsina da Kano, zuwa 1911 ya bazu a sauran masarautu. Aka sa wa sarki da hakimai albashi, ma'aji ya koma mai riƙe littafin shiga da fita, aka shigo da rasit da kasafin shekara, sule da kwabo suka kori wuri. Takardar da ba ta da kwanan wata ba ta da sauran wurin zama a irin wannan ofis.

Takardun da sojojin Ingila suka tarar a gidan Buhari a 1903 ba su ɓace ba. H. F. Backwell ya fitar da fassarar wasu daga ciki zuwa Turanci a Legas a 1927, cikin littafin da ya kira The Occupation of Hausaland. Sai dai sunan littafin ma ya nuna inda hankalinsa yake, wato labarin matsowar Turawa da yadda sarakuna ke sanar da Sakkwato. Wanda ya tsaya a kansa kaɗai zai ɗauka aikin gidan Waziri duk maganar yaƙi ce. Sauran takardun sun kasance a hannun iyalin Waziri, kuma Waziri Junaidu ɗan Buhari, wanda ya riƙe sarautar daga 1948 har rasuwarsa a 1997, ya adana su, ya yi aiki da su a nasa rubuce-rubucen tarihi, ya kuma buɗe wa masu bincike ƙofa. Da su Murray Last ya gina babban ɓangare na littafinsa kan daular, wanda ya fito a 1967, inda ya ware wani babban sashe ga wazirai. A yau ana samun takardun, na asali ko kwafinsu, a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu. Mai son karanta su yana bukatar Larabci, da ido da ya saba da hannun magatakardan wancan ƙarni, da kuma jerin sarakunan kowace masarauta a gefensa don ya iya sa kowace takarda a shekarunta.